Ra'ayinmu: Tarihin Baƙi a Makarantar Gida

A Amurka, inda doka ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida a jihohi 50 ɗin ƙasar, tarihin baƙin da suka yi ƙaura zuwa can na cikin darussan da ake zaunar da wa da ƙane a kai lokaci guda. Akasari da tsibirin Ellis ake farawa, mashigar da mutane fiye da miliyan 12 suka ratsa daga 1892 zuwa 1954.

Masu haɗa yaran suna da hujja. Ɗan shekara shida zai zana jirgin ruwa, ya saurari labarin Annie Moore, yarinyar Ailan da aka fara rubuta sunanta ranar 1 ga Janairun 1892, tana tafe da ƙannenta maza biyu. Yayarsa mai shekara 14 kuwa za ta bi takardun fasinjoji, ta karanta yadda likitoci ke ɗaga fatar idon baƙo suna neman cuta, su shafa alli a rigar wanda suke shakka. Da yamma su tattauna, ƙarami ya ƙaru da babba.

Sai dai masu suka ma ba su yi ƙarya ba. Idan malama ɗaya ce, lokaci ɗaya, darasi yakan sauko daidai da hankalin auta, sai a tsallake abin da ke da ɗaci. Ina dokar 1882 da ta rufe wa ma'aikata 'yan Sin ƙofa? Ina tsibirin Angel, inda daga 1910 zuwa 1940 aka tsare wasu makonni ko watanni, har suka sassaƙa baƙin cikinsu a bango? Ina 'yan Afirka da aka kai cikin sarƙa, waɗanda kiransu 'yan ci-rani zalunci ne? A gida babu abokin aikin da zai ce an yi mantuwa.

Mun auna, mun ga haɗa yaran ya dace, amma da sharaɗi. A buɗe darasin tare, sannan a ware wa manya sa'arsu ta takardu da muhawara, har su kai ga dokar 1965 da ta soke rabon guraben shiga bisa asalin ƙasa. Shi ma ƙaramin a gaya masa, cikin lafazi mai taushi, cewa wasu sun zo da son ransu, wasu an hana su, wasu kuma kamo su aka yi.