Kangon da Bai Kamata a Rushe Ba

A 1876 wani fasto a Zurich, Walter Bion, ya kwashi yara 68 'ya'yan talakawa ya kai su duwatsun Appenzell su sha iska. Al'adar ta bazu a Turai, har aka riƙa gina gidajen hutu dominta. Yau da yawansu sun zama kango, kamar Colonia Novarese a gaɓar tekun Rimini ta Italiya, ginin 1934. Wani zai ce a rushe shi, tunda gwamnatin Mussolini ta cusa wa yara aƙidarta a ciki. Ban yarda ba. Fadojin sarakunan Turai ma da gumin talaka aka gina su, amma kullum ana gyara su. A wannan ginin ne yaran Novara da dama suka fara ganin teku.