Jinyar Gida: Asibitin da Babu Mai Duba Shi

Idan aka tambayi asibitin da ya fi yawan gadaje a Jihar Kano, wasu za su ce na Murtala, wasu su ce na Malam Aminu Kano. Amma idan lissafin gaskiya za a yi, ɗakunan gidajenmu sun ninka su duka. A can ake jinyar dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, da gyatumar da ciwon suga ya ci wa ƙafa, da wanda ya karye a ƙugu, da mai jegon da aka yi wa tiyata. Asibiti kan riƙe majinyaci kwanaki, gida kuwa ya riƙe shi watanni ko shekaru. Ra'ayina shi ne, duk ƙa'idar lafiyar da ta tsaya a ƙofar asibiti ba ta bi majinyaci gida ba, rabin aikinta ta yi.

Mu ɗauki mazaɓar Fulatan a Ƙaramar Hukumar Rogo, can yammacin jihar, wajen iyakar Kaduna da Katsina. Wanda aka kai Kano daga nan saboda shanyewar ɓarin jiki, ranar da aka sallame shi zai dawo da ledar magani da takardar ranar komawa ganin likita. Daga wannan rana ragamar lafiyarsa ta koma hannun mutum biyu. Ta farko mace ce daga cikin gida, matarsa ko 'yarsa ko matar ɗansa, wadda ba a taɓa koya mata jinya ba. Na biyu shi ne wanda ake kira idan jiki ya tsananta: wataƙila malamin asibiti mai takarda, wataƙila mai kemis, wataƙila wani da ya taɓa zama a asibiti har ya iya riƙe sirinji. A bakin jama'a dukansu likita ne.

Inda haɗarin yake

Abubuwan da ke kashe majinyaci a gida ƙanana ne a ido, shi ya sa ba a zarginsu. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, idan aka bar shi a gefe guda, fatar bayansa da ƙugunsa da diddigensa takan mutu saboda jini ba ya isa gare ta, sai gyambo ya buɗe, ƙwayar cuta ta shiga jini. Rigakafin kuwa ba ya cin ko sisi: a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, a kuma tsare bushewar shimfiɗa. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya takan yi masa wuya. Idan aka ɗura masa kunu yana kwance, kunun ya sarƙe shi ya gangara huhu, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari su taso, a ce ciwon ne ya dawo, alhali nimoniya ce da cokali ya jawo. Mai ciwon suga da ya ƙi cin abinci amma aka ci gaba da ba shi maganin saukar da suga yana iya suma, a ɗauka barci yake yi.

Sai kuma abin da ake sayo masa da kuɗi. Ƙarin ruwa ya zama alamar kulawa a wurinmu, har iyali kan ji ba su yi wa mahaifinsu komai ba idan ba a rataya masa leda a ƙusar bango ba. Ga mai ciwon zuciya ko ƙoda, ledar nan tana iya cika masa huhu da ruwa. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ta bar mutum da ɗingishi, wadda aka maimaita kuwa tana ɗaukar ciwon hanta daga wani gida zuwa wani. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, da ake ba tsofaffi kamar gyaɗa, suna cin ciki suna raunana ƙoda. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru a asibiti, akwai fayil, akwai sunan wanda ya yi aikin. A gida sai a ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne kwana yana ƙarewa, amma hakan bai taɓa wanke sakaci ba.

Dokokin da suka tsaya a bakin zaure

Hukumomi muna da su. Jihar Kano ta kafa PHIMA da dokar 2017 domin sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, kuma takan rufe waɗanda ta kama babu rajista. Akwai majalisar da ke ba ma'aikatan jinya da ungozomomi lasisi, akwai hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, akwai majalisar harhaɗa magunguna da ke kula da masu kemis, waɗanda lasisinsu bai ba su damar yin allura ko ƙarin ruwa ba. A matakin tarayya an yi dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, an kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Sai dai mai duba asibiti gini yake nema, mai allo a ƙofa. Wanda ya zuba kayan aikinsa a jaka ya hau babur yana bin gidaje, ba shi da ƙofar da za a garƙame.

A Ingila, hukumar CQC da ta fara aiki a 2009 tana yi wa kamfanonin jinyar gida rajista, tana duba su, tana wallafa darajar kowanne. Tun da ƙasar ta buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya da dama suka tafi, suna rubuta kowace ƙwaya da suka ba tsohon Bature da lokacin da suka juya shi. Kwafo wannan tsari sukutum ba zai yi mana ba, domin a Fulatan babu kamfanin da za a yi wa rajista. Abin ɗauka shi ne tushensa: a san wanda ya taɓa majinyaci, a san abin da ya yi, a rubuta.

Za a ce jinya hakkin iyali ce, gwamnati ba ta da hurumi a cikin ɗakin aure. Za a kuma ce idan aka matsa wa mai allurar unguwa, talaka ya rasa ɗan abin da yake samu. Duka biyun suna da nauyi. Amma koya wa 'ya yadda za ta ciyar da mahaifinta bai ƙwace mata ladan jinyarsa ba. Kuma shiga gida ba sabon abu ba ne: da hakimai da dagatai da masu unguwanni da matan sa-kai aka bi ƙofa-ƙofa har Kano ta ga na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a 2014, aka kuma tabbatar da kuɓutar Najeriya daga wannan nau'in a Agustan 2020. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi bakin jariri za ta iya kai ma'aikaciyar lafiya gefen tabarmar kakarsa.

Abin da za a iya yi

Na farko, kada asibiti ya sallami wanda ba ya iya tashi sai an zaunar da mai jinyarsa an nuna mata juyawa da ciyarwa da kula da robar fitsari, an ba ta takarda da Hausa, boko ko ajami, mai ɗauke da alamomin da ke cewa a dawo yanzu. Na biyu, a ja layi a fili: wanka da ciyarwa da ba da ƙwayar da likita ya rubuta aikin iyali ne, allura da ƙarin ruwa da sauya roba kuwa sai mai lasisi. Na uku, asibitin kowace mazaɓa ya riƙe sunayen majinyatan da ke kwance a gida, mai unguwa ya kai rahoto, ma'aikaciya mace ta leƙa ko da sau ɗaya a wata. Masarautar Ƙaraye, da ƙananan hukumominta biyu kacal, Ƙaraye da Rogo, wuri ne daidai gwaji, kuma asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada zai iya ɗaukar man babur da littafin rajista. Na huɗu, duk mai karɓar kuɗi don jinya a gida, har da masu tallar kansu a WhatsApp da Facebook cikin birni, ya yi rajista da PHIMA, ya kuma sa hannu a littafin da ke gefen majinyaci.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai rabonmu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan su ne ke turo kuɗin jinya daga Kano ko Kaduna ko Abuja, su kira da daddare su ji ya jiki. A kira na gaba, a ƙara tambaya uku: wa ya yi allurar kuma ina takardarsa, yaushe aka duba bayan Baba, kuma yaushe rabon mai jinyar da barci cikakke. Wadda ta kwana bakwai ba ta runtsa ba ita ce za ta haɗa ƙwayar safe da ta dare, kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai.