SABUWAR MOTAR BABBA, MAN TALAKA

Jama'ar Aujara da kewaye, 'yan kasuwa da manoma, ku matso mu yi maganar mota. Wani zai ce, ina ruwan mai tallan zoɓo da motar da ko ƙofarta ba a barinsa ya taɓa? To, da ruwansa. In motar ta gwamnati ce, da kuɗinmu aka sayo ta, da kuɗinmu kuma ake zuba mata mai. Mai doki kuwa ba a hana shi tambayar yadda ake kiwon dokinsa.

Bari mu fara da gaskiyar da ba ta da jam'iyya. Injin dizal, wanda manmu na tasha ke kiran mansa gas, ya samo sunansa daga wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Shi wannan inji matse iska yake yi har ta yi zafi ta kunna mai da kanta, saboda haka ya fi na fetur tattali da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Watau babban mutum da ya zaɓi motar gas bai yi wauta ba. Amma fa tattalin nan ba kyauta yake zuwa ba, sai an bi ƙa'ida.

Kowane manomi a ƙasar Jahun ya san ba a ɗaura wa sabon bijimi garma ran da aka sayo shi a ce ya huɗe gona sukutum. Ana horar da shi sannu sannu. Haka sabuwar mota take. Ƙarafan cikin injinta ba su gama sabawa da juna ba, zobban fistin ba su zauna daram ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a lallaɓa ta a kilomita 1,000 zuwa 2,000 na farko. Kada a danne totur har ƙasa. Kada a wuce wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin injin. Kada a ɗora mata kaya mai nauyi, kada kuma a ja ta da babbar giya tana nishi. A riƙa sassauya gudu, a bar injin ya ɗumama kafin a matsa masa, a kuma yi juyen baƙin mai a kan kari. Wanda ya yi haka, bayan 'yan dubban kilomitoci zai ga shan manta ya ragu ya daidaita. Wanda ya ƙi, zai samu mota mai shan baƙin mai da hayaƙi tun tana amarya.

To, jama'a, ku da ke zaune a bakin titi, haka kuke gani ana yi? Mu dai abin da muke gani shi ne, yau an cire wa mota leda, gobe tana cikin jerin gwano da jiniya, ana tsala gudu kamar ana tseren doki, awaki da yara suna watsewa. Masana sun tabbatar in aka tashi daga gudun kilomita 100 zuwa 140 a sa'a, turjiyar iska kusan ninkawa take yi, mai kuwa ya bi ta. Sa'an nan in an isa wurin taro, a bar injin a kunne sa'a biyu ko uku domin kada mai girma ya tarar da kujera da zafi. Mota tana tsaye, mai yana ƙonewa, ba a ci ko taku ɗaya ba.

Akwai kuma wata matsala da dillalai ba sa faɗa. Motocin gas na zamani an ƙera su ne don tsabtataccen mai. A Turai tun 2009 doka ta ƙayyade farar wuta a cikin gas zuwa kashi 10 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa cewa ana kawo wa Afirka ta Yamma gas mai farar wuta ninki ɗaruruwa fiye da haka, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. In aka haɗa da gas na bumburutu mai ruwa a ciki, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, sai nozil ya lalace, kayan gyara kuwa sai an aika waje. Wa zai biya? Baitulmali. Baitulmali kuwa aljihunmu ne.

Ku dubi ɗaya gefen. Direban babbar mota da ke ɗaukar riɗi da gero daga Gujungu ko Shuwarin ko Maigatari zuwa Dawanau a Kano, shi ma gas yake sha. Mai injin niƙa a Aujara, shi ma haka. Tun 2003 gwamnati ta cire hannunta daga farashin gas. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 400 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 700, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Shi wannan direba ba sai an koya masa tattali ba. Yana duba iskar taya kafin ya tashi, yana kashe inji in ya tsaya, domin kowace lita daga cikin abincin 'ya'yansa take fita. Abin da ya ƙaru a kansa kuwa a kan mudu yake sauka. Ashe talaka sau biyu yake biyan gas: ɗaya a kasuwa, ɗaya a tankin babba.

Kada a ce mana hakan ya zama dole. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Obasanjo ta soja ta sa manyan ma'aikata hawan Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, mulki kuma bai tsaya ba. A 2003 aka fito da tsarin saka kuɗin mota cikin albashi domin kowa ya saya ya kula da tasa. Amma a 2023, shekarar da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu aka ce talaka ya ƙara haƙuri, a shekarar nan aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, wakilai 360 da sanatoci 109, manyan motoci na ƙasashen waje.

Mu ba mu ce shugaba ya hau jaki ba. Abin da muke nema uku ne, daga Dutse har Abuja. Na ɗaya, kowace motar gwamnati ta kasance da littafin da ake rubuta kilomitar da ta ci da litar da ta sha, a riƙa karanta shi a majalisa. Na biyu, a rage jerin gwano, a ƙayyade masa gudu. Na uku, wanda ya kashe sabuwar mota da ganganci ya gyara daga albashinsa.

Ku kuma 'yan'uwa, in mai neman ƙuri'a ya zo da sabuwar motarsa ya tsaya a bakin kasuwa, ku saurara ku ji ko ya kashe inji. Wanda bai iya tattalin lita ɗaya ba, kada ku damƙa masa rumbu. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, amin.