RA'AYINMU: WA ZAI TAMBAYI KWAMISHINA A MADADIN MUTANEN WURMA?

A cikin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 akwai wasu sassa biyu gajeru waɗanda ba kasafai 'yan siyasa ke ambatonsu a wurin yaƙin neman zaɓe ba. Sashe na 67 ya ce lalle ne minista ya halarci Majalisar Dattawa ko ta Wakilai idan an gayyace shi, domin ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 108 kuwa ya ɗora wa kwamishinan jiha irin wannan nauyi a gaban Majalisar Dokokin jiharsa. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, waɗannan sassa biyu dukiyar talaka ce da aka ba wakilansa ajiya, kuma lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Jihar Katsina za ta keɓe rana ta musamman wadda kwamishinoni za su riƙa tsayawa suna amsa tambayoyi a bainar jama'a, a kuma fara ba 'yan hamayya dama.

Kada wani ya ɗauka cewa baƙon abu muke nema. A zamanin Jihar Arewa, sa'ad da Majalisar Wakilai ke zama a zauren Lugga da ke Kaduna, ministoci su ma wakilai ne, a cikin zauren suke zama, suna fuskantar abokan hamayyarsu. Wakili yakan rubuta tambayarsa ya miƙa wa akawun majalisa kwanaki kafin zama. Ma'aikatan hukuma su buɗe fayiloli su tsara amsa. Ran zama minista ya miƙe ya karanta, mai tambaya kuma ya sake miƙewa ya bi shi da wata tambayar wadda ba a shirya mata ba, kuma a nan ne ake gane ministan da ya san aikinsa da wanda takarda kawai aka damƙa masa. Da Turanci da Hausa ake muhawara, ana kuma rubuta kome a ajiye.

Bayan zaɓen 1956, Alhaji Ibrahim Imam, mutumin Barno wanda ya ajiye muƙamin babban sakataren jam'iyyar NPC a 1954 ya haɗa kai da NEPU, shi ya zama shugaban 'yan hamayya a wannan majalisa. A ɓangaren gwamnati kuwa akwai Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da ministoci irin su Alhaji Isa Kaita, Ministan Ilmi, wanda Kwalejin Ilmi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa. 'Yan hamayyar ba su da yawa, kuma a wajen majalisa magoya bayansu sun sha ɗauri a kotunan En'e. Duk da haka, a cikin zauren, ɗan hamayya guda yana iya sa ministan da ya fi kowa ƙarfi ya tashi tsaye ya ba da amsa. Ba mu cewa zamanin nan ba shi da aibu, domin yana da shi, amma wannan al'ada guda ta cancanci a tuna da ita.

Tsarin Mulki na 1979 ya sauya wannan shiri. Aka bar tafarkin Ingila aka ɗauki na Amurka, inda minista ko kwamishina ba ɗan majalisa ba ne, ba ya kuma shiga zauren sai an kira shi. Yadda aka fara gwada sabon shirin a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ke cikinta har zuwa 1987, darasi ne babba. Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne, amma NPN ke da rinjaye a majalisa mai kujeru 99, a ƙarƙashin shugabancin Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen mutanen da Gwamna ya gabatar don zama kwamishinoni, shi kuma ya ƙi ba NPN rabo a cikin gwamnatinsa, har aka tsige shi ran 23 ga Yuni, 1981. Masana suna ta gardama a kan wanda ke da laifi, mu kuwa abin da ya dame mu shi ne sakamakon. Kusan shekara biyu jiha ba ta da kwamishinan ilmi ko na gona ko na lafiya da za a kira a tambaya. Ga hamayya mai ƙarfi, amma ƙarfin duk ya ƙare wajen tare hanya.

Shekaru 38 bayan haka sai muka ga kishiyar wannan. A zaɓen 2019 jam'iyyar APC ta kwashe kujeru 34 na Majalisar Dokokin Jihar Katsina gaba ɗaya. A watan Agusta na wannan shekarar 'yan bindiga suka afka wa garin Wurma a Ƙaramar Hukumar Kurfi cikin dare, suka kwashi mutane, cikinsu da mata masu yawa, suka shige daji da su. A watan Satumba Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga tattaunawar sulhu da shugabannin 'yan bindiga. Ko sulhun nan daidai ne ko kuskure, babbar manufa ce ta gwamnati wadda rayukan jama'a suka rataya a kanta, kuma irinta ce ta fi bukatar a tsare masu ita da tambaya: mene ne sharuɗɗan, me aka bayar, me aka karɓa, wa zai ɗauki alhaki idan aka saɓa alkawari? A ranar da ake bukatar waɗannan tambayoyi babu ko ɗan hamayya guda a zauren.

Ba mu zargin wakilan jam'iyya mai mulki da rashin tausayi. Su ma 'yan'uwansu ake kashewa, kuma sukan kawo ƙudurin gaggawa idan masifa ta auku. Amma a lura da bambancin ƙuduri da tambaya. A wajen ƙuduri, wakili ya bayyana abin da ya faru, a yi addu'a ga mamata, a yi kira ga gwamnati da ta ɗauki mataki, a buga guduma, shi ke nan. Babu wanda ya wajaba ya ce uffan. Tambaya kuwa tana da mai amsa, da suna da muƙami, kuma amsarsa tana shiga rubutu inda za a iya ciro ta bayan wata shida a ce masa: ga abin da ka faɗa, ina aka kwana? Sa'an nan wanda tikitinsa na zaɓe mai zuwa ke hannun Gwamna, da wuya ya matsa wa kwamishinan Gwamna lamba har sau biyu. Ɗan hamayya ba ya jin wannan tsoro, shi ya sa kujerarsa ke da amfani ko da ba a son halinsa.

Maganar ba ta tsaya kan tsaro kaɗai ba. Madatsar ruwa ta Zoɓe da ke kusa da Dutsin-Ma an gama gina ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, don noman rani da ruwan sha. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin kai ruwanta ga jama'a. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama madatsar ya yi aure ya haifi 'ya'ya kafin wannan rana ta zo. Shekaru da yawa cikin wannan tsawon lokaci soja ke mulki, babu majalisa sam, amma daga 1999 akwai majalisa a Abuja akwai a Katsina. Da a ce kowace shekara akwai ranar da ministan ruwa zai tsaya ya faɗi nawa aka ware wa Zoɓe, nawa aka saki, wane ɗan kwangila ya karɓa, kunyar maimaita amsa ɗaya kaɗai ta isa ta gaggauta aikin.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai kwamitocin majalisa suna kiran kwamishinoni, musamman lokacin kare kasafin kuɗi. Gaskiya ne, amma zaman kwamiti a ƙaramin ɗaki ake yinsa, manomin Wurma ba ya jin abin da aka faɗa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Za a ce kuma tsarin shugaban ƙasa bai dace da wannan al'ada ba, sai an koma tsarin Firayim Minista, kamar yadda wakilai 60 na Majalisar Wakilai ta Tarayya suka nema a watan Fabrairu na 2024. Mu ba mu ga dalilin jiran wannan doguwar tafiya ba. Ƙasar Kenya tsarin shugaban ƙasa take bi, ministocinta ba 'yan majalisa ba ne, amma a 2023 majalisarta ta gyara ƙa'idojin zamanta, ministoci suka fara zuwa zauren suna amsa tambayoyin wakilai. Sashe na 108 ya riga ya ba majalisarmu iko, abin da ya rage shi ne ta rubuta shi cikin ƙa'idojinta.

Saboda haka muna roƙon Majalisar Dokokin Jihar Katsina abubuwa uku. Na farko, ta keɓe zama guda a kowane mako biyu don tambayoyi, a riƙa kiran kwamishinoni bi da bi. Na biyu, a ba wakilin da ba na jam'iyya mai mulki ba damar fara tambaya, tare da haƙƙin ƙara tambaya biyu bayan amsa, idan kuwa babu ɗan hamayya a majalisar, a ba wakilin mazaɓar da abin ya shafa. Na uku, a watsa zaman kai tsaye da Hausa a gidan rediyon jiha, a kuma buga amsoshin. Su kuma 'yan hamayya mu tuna musu cewa zagi ba tambaya ba ne, kuma wanda ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki bayan an rantsar da shi ya tafi da muryar mutanen da suka zaɓe shi don ya yi tambaya.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma da namu aikin. A watan Oktoba na 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya, don haka babu mai cewa maganar ba ta shafe mu ba. Kowannenmu yana da wakili a Katsina da wakili a Abuja, kuma mun iya karatu da rubutu. Mu nemi kasafin kuɗin jiha mu karanta, mu rubuta tambaya gajera mai suna da adadi da kwanan wata, mu kai ofishin wakilinmu da sunan ƙungiyar ɗaliban garinmu, mu koma bayan wata guda mu ji inda ta tsaya. Ku kuma matasan ma'aikatan gwamnati, ku ne za ku buɗe fayil ku tsara wa kwamishina amsa idan ranar ta zo. Ku rubuta masa gaskiyar abin da ke cikin fayil ɗin, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wataƙila garin da ake tambaya a kansa naku ne.

Allah ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, ya ba wakilanmu ƙarfin halin tambaya, ya kuma dawo da zaman lafiya a Wurma da sauran garuruwanmu. Amin.