A Nuna Mini Shi A Bushe

A wannan mako za mu bar zancen tsadar hatsi da na man fetur su huta, mu leƙa wata kasuwa wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, ba ta kuma tashi da magariba. Hajar da ake kasawa a cikinta dutse ne, kuma gwanjonsa ake yi ta intanet.

Abin da ya kai ni can shi ne wani dattijo a Bukuru, aminin mahaifina, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injunan haƙar kuza. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 sai ya koma gyaran injin niƙa da na ban ruwa, amma son dutse bai rabu da shi ba. A bayan gidansa ya harhaɗa wa kansa injin wasa dutse, yana fid da idon zobe da abin wuya, ya sayar da kaɗan, ya ba jikoki saura. Watannin baya jikansa ya nuna masa hoton wani dutse a waya, sai ya aiko a kira ni, ya ce, "Ɗana, kai ne ka iya Turancin waɗannan mutane. Ka sayo mini wannan kafin ƙasa ta rufe idona."

Kafin in faɗi yadda muka kwashe, ya kamata mai karatu ya san sana'ar. Dutsen ado iri biyu ne wajen aiki. Akwai garai-garai, irin su yakutu da zumurrudu, waɗanda ake yi wa fuskoki da yawa don su riƙa walƙiya. Akwai kuma wanda kyansa a zanensa yake, kamar wanda Larabawa ke kira aƙiƙ, Turawa su ce agat, watau dangin dutsen tsakiya da iyayenmu mata suka sani. Shi wannan na biyu, sai a ɗauki curinsa a ɗaure a cikin injin zarto mai haƙoran daimon, zarton yana gudu cikin mai don kada ya yi zafi, a riƙa yanka shi falle-falle kamar burodi. Kaurin falle mai kyau ba ya wuce milimita 6 ko 7, watau kimanin rubu'in inci. A kan fallen nan ne mai aiki zai zana siffar ƙwai a inda zanen ya fi kyau, ya yanke gefe, ya manna shi da kaki a kan ɗan tsinke, sa'an nan ya bi da shi kan duwatsun washi daga mai kaushi zuwa mai laushi, ruwa yana zuba, har ya fito kamar ɓarin goro: ciki shafe, baya a tashe, yana ƙyalli. Babban zarto yana da tsada, ba kowa ke da shi ba. Don haka ne cinikin fallaye ya zama kasuwa mai zaman kanta.

Cibiyar wannan kasuwa Amurka ce. A can dubban mutane, galibi waɗanda suka yi ritaya, sun ɗauki tsintar dutse da wasa shi abin ɗebe kewa, suna da ƙungiyoyi gari-gari. A birnin Tusan na jihar Arizona, tun 1955 ake cin kasuwar duwatsu shekara-shekara, har ta zama wadda fatake daga kowace nahiya ke halarta a watan Fabrairu. A irin wannan wuri za ka ga fallaye jibge a cikin baho, da kwalbar fesa ruwa a gefe, kowa ya ɗauka ya juya, ya jiƙa, ya ɗaga wa rana. Sai ga shi a watan Satumba na 1995 wani mai suna Pierre Omidyar ya buɗe dandalin gwanjo a intanet daga Kalifoniya, wanda daga baya ya zama eBay. Ba a daɗe ba masu dutse suka gane cewa tsohon da ke da tulin fallaye a garejinsa a Oregon yana iya sayar wa mutumin Jamus ko Ostareliya ba tare da ya fita ƙofar gida ba. Yanzu har a Facebook ana yin wannan gwanjo, mai kaya ya ɗaga dutse gaban kyamara, masu saye suna rubuta tayinsu.

Tsarin gwanjon ya sha bamban da na bakin kasuwa da muka sani, inda ɗan gwanjo ke ta shela har sai tayi ya ƙare. A nan lokaci ake yankewa, galibi kwana 7, kuma da cikar daƙiƙar ƙarshe an rufe, ko da wani yana shirin ƙarawa. Kai mai saye kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya a ɓoye, sai na'ura ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan, ba ta kai iyakar ba sai an matsa maka. Gwanaye ba sa taya komai duk tsawon mako. Sai saura daƙiƙa biyar su jefa nasu, su bar ka da buɗaɗɗen baki. Na sha wannan sau biyu kafin in gane, kuma da yake dare ya raba a nan lokacin da yamma ke yi a can, barci biyu na yi asara a banza.

A karo na uku, a wani dandalin da ba sai na ambaci sunansa ba, muka yi nasara. Fallen agat ne mai zane kamar reshen gansakuka a cikin ruwa, hotonsa kamar ka lasa. Kuɗin aikowa ya ninka kuɗin dutsen fiye da sau biyu, domin dutse nauyi gare shi, kuma gidan waya da nauyi yake lissafi. Wannan ma darasi ne: wanda ya dubi farashin tayi kaɗai bai san abin da ya saya ba tukuna. Bayan mako shida kaya ya iso, na ɗauka har Bukuru.

Baba bai ce komai ba. Ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya tsoma fallen, ya fitar, ya goge da gefen rigarsa, ya ajiye a rana a kan turmi. Muna zaune muna kallo fuskar dutsen ta bushe ta yi fari-fari, amma wasu siraran layuka guda uku suka ƙi bushewa, suka tsaya baƙi-baƙi sun ratsa daidai tsakiyar zanen. Ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ƙwanƙwasa da ƙusa, sai ya yi ƙara irin ta fasasshiyar tukunya. Ya dube ni ya ce, "A jiƙe suka nuna maka shi, ko?" Na ce, "A jiƙe, Baba." Ya ce, "To, ruwa ka saya."

A nan ne zancen yake, kuma ina so mai karatu ya tsaya da ni kaɗan. Fallen da ya fito daga zarto fuskarsa gautsi-gautsi ce, ƙananan ƙarce sun cika ta, haske yana watsewa a kanta, don haka launinsa ba ya fitowa. In aka zuba ruwa sai ya cike ƙarcen nan, fuskar ta zama sumul, launi ya bayyana kamar yadda zai kasance bayan an gama goge shi. Saboda haka nuna dutse a jiƙe ba ha'inci ba ne a kan kansa. Hasali ma ita ce hanyar da za ka san abin da aikinka zai haifar. Amma ruwan da ya cike ƙarce shi ne kuma yake cike tsaga da ƙananan ramuka, ya ɓoye su. Hoto jiƙaƙƙe yana faɗa maka kyan dutse, busasshe yana faɗa maka lafiyarsa, kuma mai kayan da ya ba ka ɗaya ya hana ka ɗaya ya faɗi rabin gaskiya ne. Mai gaskiya a cikinsu, kuma suna da yawa, zai nuna fuska biyu na fallen, a jiƙe da a bushe, ya aza ma'auni ko kwabo a gefe don ka san girmansa, ya faɗi kaurinsa a kowane gefe, domin wani fallen yakan fito da kauri a nan, sirantaka a can, kamar bakin gatari. In dutsen mai ɗaukar haske ne, ya sa fitila a bayansa. Namu mai kayan hoto ɗaya tak ya saka, ni kuwa zumuɗi ya hana ni tambaya. Rabin laifin nawa ne.

Bayan tsaga akwai rini. Wannan tsohuwar dabara ce, kuma tana da tarihi mai daɗin ji. A garin Idar-Oberstein na Jamus an yi ɗaruruwan shekaru ana wasa agat, masu aiki suna kwance rub da ciki gaban manyan duwatsun washi da ruwan kogi ke juyawa. Da dutsen ƙasarsu ya yi ƙaranci, sai 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa kudancin Barazil a ƙarni na 19 suka tarar da shi jibge a can, suka riƙa aikowa gida. Na Barazil yawancinsa toka-toka ne, amma yana shan rini: a jiƙa shi cikin ruwan zuma ko sukari, a dafa da ruwan batir mai ƙarfi, ya koma baƙi ƙirin, da wasu magunguna kuma a sami ja, ko kore, ko shuɗi. Daga cikin kayan da garin ya riƙa yi har da jajayen duwatsun wuya da aka yi ta kawowa Afirka ta Yamma, waɗanda suka shiga hannun Buzaye da fatakenmu. Abin lura a nan shi ne, su ma a wancan zamani gwanjon ɗanyen dutsen suke yi a garin, amma kafin ranar gwanjo akan bar mai saye ya ɓalli ɗan guntu ya je ya gwada. Mutanen da suka fi kowa sanin dutse ba su yarda su saya da ido kaɗai ba. Mu kuwa yau da hoto muke saye. In ka ga fallen agat shuɗi shar ko ruwan hoda mai kashe ido, ka ɗauka rinanne ne har sai an tabbatar maka da akasin haka. Haka nan akwai wani farin dutse mai laushi, haulayit, da ake rinawa a sayar da sunan fairuza. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa 10, agat yana wajen 7, fairuza 5 zuwa 6, haulayit kuwa 3 da rabi, wuƙa tana ƙarzarsa ba wuya. Sai dai ba a ƙarzar hoto da wuƙa.

Wani zai ce ai wannan cinikin biri ne a sama, mai hankali ba ya shiga. Ban yarda da haka gaba ɗaya ba. Malaman Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, da sharaɗin in ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da ikon mayarwa. Sun kuma wajabta wa mai kaya ya bayyana aibin da ya sani. Gwanjo shi ma halal ne. Abin da aka haramta shi ne najashu, watau mutum ya taya kaya ba don yana so ba, sai don ya ingiza wani ya ƙara. Wannan kuwa yana nan a intanet da ransa: mai kaya ya buɗe wani suna na dabam, ko ya sa ɗan kore, su riƙa tura farashi sama. Dandalin gwanjo sun hana, dokokin ƙasashe da dama sun hana, amma ana yi. Alamarsa ita ce ka ga mai tayi ɗaya wanda ba ya taya kayan kowa sai na mutum guda, kuma kullum ya tsaya gab da ci. Maganinsa ɗaya ne, ka yanke iyakarka tun kafin zuciya ta ɗau zafi, ka haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan, in an wuce ta ka ce albarka ka kwanta.

Ikon mayarwar nan kuwa, ga wanda ke zaune a Najeriya, a takarda yake. Kuɗin mayar da dutse Amurka ya fi dutsen. Don haka tambayar da Ba'amurke zai iya yi bayan kaya ya iso, mu tilas mu yi ta kafin mu taya.

Akwai ɗaya gefen da ya fi damuna. Cikin wannan yawo na ga duwatsun ƙasarmu birjik a gwanjon: tomalin na Oyo, safaya ta tsaunin Mambila, akwamarin na Nasarawa da Filato. Yawanci ɗanye suke fita, a yanka su a Bankok ko Jaifur, ribar aikin ta zauna can. Matasanmu na Jos da Ibadan sun fara sayarwa kai tsaye ta waya, kuma ina murna da haka, in dai sun nemi lasisin saye da izinin fitarwa da dokar ma'adinai ta 2007 ta tanada. Amma su sani, mai saye a Tusan da ya ga sunan ƙasarmu, da zargi yake farawa, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Yaron da ya shafa wa dutse mai ya ɓoye tsaga ya ci dala ashirin, ya rufe ƙofa ga mutum ɗari da ke bayansa. Wanda ya nuna aibin kayansa da kansa, ya zagaye tsagar da fensir a hoto, shi ne za a koma wa, domin a wannan kasuwa kowane mai saye yana rubuta shaidarsa a ƙarƙashin sunan mai kaya, kuma shaidar ba ta gogewa da sauƙi.

Fallen namu dai, Baba bai jefar ba. Ya bi layukan nan uku da fensir, ya karya shi da gangan a kansu, ya sami gutsattsari huɗu. Babban idon abin wuya da ya yi buri bai samu ba, sai ƙananan idon zobe biyu, ɗaya ma yana hannuna ina wannan rubutu. Makon jiya ya sake aiko jikansa da hoton wani falle, na jasfa mai zanen tuddai daga Oregon. Na rubuta wa mai shi, wata tsohuwa, na ce ta nuna mini shi a bushe, gaba da baya. Washegari ta aiko hoto shida, har da wanda ta sa kan allura a wani ɗan rami da ban gani ba, ta ce in rage tayina saboda shi. Gwanjon zai rufe ranar Laraba da ƙarfe 2 na dare agogonmu, na kuma riga na gaya wa Baba iyakar da ba zan wuce ba, ko da zai yi fushi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.