Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Bangladesh



Na rubuto ne kan daren 5 zuwa wayewar garin 6 ga Mayun 2013. A ranar 5 ga watan, dubban mabiya ƙungiyar Hefazat-e-Islam, akasarinsu malamai da ɗaliban makarantun Islamiyya, suka cika dandalin Shapla a Dhaka da buƙatu 13, ciki har da dokar kisa kan masu yi wa Annabi (SAW) ɓatanci. Cikin dare aka yanke wutar unguwar, 'yan sanda da dakarun RAB da masu tsaron iyaka suka afka musu. Aka rufe tashoshin Diganta TV da Islamic TV.

Gaskiya ne an ƙona shaguna da motoci, jami'an tsaro ma sun rasa rayuka, kuma majalisa ce ke da hurumin karɓar buƙatar ko watsi da ita. Amma duk wannan bai halatta jinin yaron da malaminsa ya ɗauko daga ƙauye ba. Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 58 suka mutu. Ƙungiyar Odhikar ta ƙirga 61, sakayyarta ita ce hukuncin ɗaurin shekara 2 ga sakatarenta Adilur Rahman Khan a 2023. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Firaministar wancan lokaci, Sheikh Hasina, ta bar mulki a Agustan 2024, yanzu amanar tana wuyanku. Ku fitar da sunayen mamatan, ku biya iyalansu diyya, a hukunta duk wanda kotu ta tabbatar ya ba da umarnin harbi.

Wassalam.