FILIN MATA: Wa Ke Ba Danja Lokaci?



Ran Asabar ina cikin a-daidaita-sahu da wata ɗalibata, sai jar fitilar danja ta tsai da mu a mararraba. Yarinyar ta ce, "Malama, wa ke gaya wa fitilar nan lokacin da za ta sake launi?" Yarinyar nan kuwa ita ce ta ɗaya a lissafi, tana son shiga makarantar koyon sana'a ta koyi aikin lantarki, amma mahaifiyarta ta ce ba ta haifi 'yar da za ta riƙa yawo da filaya ba. Saboda ita da iyaye irin nata na ɗauki alƙalami yau.

An kafa danja ta farko a Landan cikin 1868. Da iskar gas take ci, ɗan sanda ne ke juya ta da hannu, ba ta kuwa daɗe ba ta fashe ta ji masa rauni. Cikin 1914 aka kafa ta lantarki a birnin Kilibilan na Amurka, sa'an nan a 1920 wani ɗan sandan Ditiroyit mai suna William Potts ya ƙara ruwan ɗorawa a tsakanin ja da kore.

To, yaya ake raba lokacin? Kun san yadda uwargida ke rabon tuwo, malmalar magidanci dabam, ta yaro dabam. Haka nan ne. Da fari ma'aikata sukan ƙidaya motocin da ke bin kowace hanya, safe da rana da maraice. Sun san idan kore ta kama, mota ɗaya kan wuce cikin kamar sakan 2 a kowane layi, watau sakan 30 ya ishi mota wajen 15. Hanya mai yawan motoci ita ke samun babbar malmala. Zagaye ɗaya, daga kore har a komo kan kore, yakan ci minti 1 zuwa 2.

Ruwan ɗorawa kan tsaya sakan 3 zuwa 6, gwargwadon gudun motocin wurin, domin direba ya sami damar taka birki. Bayanta akan bar dukan fitilu ja na sakan 1 ko 2, don wanda ya riga ya shiga mararraba ya fita. Mai tafiya ƙasa ma ba a manta da shi ba. Akan ɗauka mutum na cin kamar mita 1.2 a sakan, saboda haka titi mai faɗin mita 12 yana bukatar sakan 10. A wasu wurare har waya ake binnewa cikin kwalta, da mota ta tsaya kanta sai akwatin na'urar da ke gefen titi ya sani.

Injiniya ne ke yin lissafin, amma mai aikin lantarki ne ke ja waya, ya saita akwatin, ya gyara in ya lalace. In ya kuskure sakan 2, rayuka ne a hannunsa. Wannan ne aikin da za a ce abin kunya ne?

'Yan makaranta, hanya a buɗe take. Bayan aji 3 na ƙaramar sakandare akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, shekara 3, a rubuta jarrabawar NABTEB. Mai son ci gaba ta nemi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko irinta.

Iyaye mata kuwa, don Allah ku tuna, sana'a sa'a ce, kuma abin da ke hannun 'yarku ba mai ƙwace mata shi, ko a gidan miji. Ni dai gobe zan je in gai da mahaifiyar ɗalibar nan, da jaridar nan a hannuna.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.